Ɗinkin da zai karɓi jikinki, ba jikin mai hoto ba

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Ni gajeriya ce, tsawona ƙafa 5 da inci 1. Tun da na yi haihuwa ta biyu jikina ya canza. Ƙirjina inci 38, cikina 35, mazaunaina 45, ga ɗan tumbi ya ƙi komawa. Duk salon da na ɗauko a Instagram na kai wa tela, in an ɗinko sai in ga kamar ba shi ba. Bikin ƙanwata saura wata biyu, an fitar da anko atamfa mai manyan furanni, ga kuma leshi na ranar dina. Wane irin ɗinki zan yi? Kuma da gaske ne baƙin kaya da zane mai layi a tsaye suna rage ƙiba?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yara, ya sa a yi biki lafiya. Na ji daɗi da kika haɗo da awonki, domin yawancin masu yi mini irin wannan tambaya cewa kawai suke yi "ni mai jiki ce" ko "ni siririya ce", kuma wannan ba ya gaya wa mai ɗinki komai. Mata biyu za su hau sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, amma rigar da ta zauna wa wannan ɗas ta ƙi waccan ƙememe. Abin da almakashi ke bi shi ne inda nama ya taru, da inda ya ragu, da tazarar da ke tsakani.

To mu duba naki. Mazaunanki sun ɗara ƙirjinki da inci 7, ƙirjin kuma ya ɗara ciki da inci 3 kacal. Ƙasanki ya fi samanki ke nan, tsakiyarki ba ta tsuke sosai ba, kuma duk wannan a cikin tsawon inci 61 yake. Turawa sukan kwatanta jikin mace da 'ya'yan itace, su ce wannan fiya ce, waccan tuffa, wata kuma ayaba. Ban cika amfani da wannan rabon ba, don mace ba ta shiga aji ɗaya ta zauna, kamar yadda ke ma kika haɗa abu uku. Sai dai akwai abin da ya fito daga irin binciken nan nasu da nake so ki sani. A 2005 masu bincike a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka sun duba awon mata sama da 6,000, suka tarar kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai ke da jikin nan mai ƙirji da mazaunai daidai da juna da tsukakkiyar tsakiya, kusan kashi 46 kuma jikinsu a miƙe yake. Amma ki duba hotunan da ake yaɗawa, kusan duka don waɗancan 'yan tsirarun aka zana su.

Shi ya sa hoton da kike kai wa tela yake yaudararki. Wadda ta sa kayan galibi doguwa ce, tana kan takalmi mai tsini, ta sako ƙafa ɗaya gaba ta karkata ƙugu, ta riƙe numfashi. Sau da yawa an kama rarar rigar ta baya da allura ko maƙali, wanda ba za ki gani ba, ballantana gyaran da ake yi wa hoton a waya. Ba ta zauna a tabarma da kayan ba, ba ta yi raka'a biyu a ciki ba, ba ta goya yaro ba. Kayan aro ba ya rufe katara, salon aro ma haka yake. Ki ci gaba da ɗauko hoto, babu laifi, amma ki ɗauki abu ɗaya a ciki, wuya ko hannu ko yadda aka jera ado, ki bar wa jikinki ya yanke hukuncin sauran.

Kafin mu kai ga salo, awon da kika turo bai cika ba, kuma waɗanda suka rage su ne suka fi ɓata wa gajeriyar mace ɗinki. Ki sa rigar maman da za ki sa ranar bikin, ba wata ba, domin canza ta kaɗai na iya ɗaga ƙirji ko sauke shi da inci guda. A auna ƙasan ƙirji. A auna faɗin kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi. A auna damtse a inda ya fi kauri. Sannan ki ɗaura siririn zare a cikinki, ki lanƙwasa gefe, inda zaren ya zauna nan ne tsakiyarki ta gaskiya. Daga nan a auna daga kafaɗa zuwa zaren ta gaba, a sake aunawa ta baya daban, domin ba ɗaya ba ne. Teloli da yawa suna da lambar da hannunsu ya saba da ita a wannan wuri, 16 ko 17, su yanka wa kowa haka. Ga mai tsawonki abin yakan tsaya wajen 14 da rabi ko 15. Wannan inci biyun da ake ƙara miki shi ke sa haɗin riga ya sauko ya zauna a kan tumbi, zif kuma ya yi ƙusumbi a baya. Ina kyautata zaton rabin abin da kike gani a madubi yana ba ki haushi daga nan ya samo asali.

Duk rigar da kika gani, abu uku nake dubawa: inda ta rataya, inda ta tsuke, da inda ta ƙare. Ido yana tsayawa ne a duk wurin da layi ya gitta jiki, ko bakin riga ne, ko haɗi, ko bakin hannu, ko bakin mayafi. Inda layin ya gitta, faɗin wurin ake gani. Saboda haka aikinmu a jikinki shi ne mu kai waɗannan layuka wuraren da kike da sirantaka, mu hana su sauka a kan inci 45 ɗin nan.

Wurin da ya fi tsukewa a jikinki yanzu ba cibiya ba ce. Yana can sama, tsakanin ƙasan ƙirji da ƙarshen haƙarƙari. Idan kin auna za ki ga ya gaza 35 da inci biyu ko uku. To nan za a kai haɗin doguwar rigarki, inci ɗaya ko biyu sama da zaren da kika ɗaura. Yin haka yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana nuna siririn wuri, yana kuma ƙara wa ƙafa tsawo a ido, tunda daga haɗin har ƙasa duk za a ɗauka ƙafa ce. Salon tsoho ne, matan fadar Faransa sun yi yayinsa a zamanin Napoleon, farkon ƙarni na 19. Amma yana da tarko guda, kuma na ga mata da yawa sun faɗa. Idan tela ya zuba tattara a gaba daga ƙasan haɗin, musamman da atamfa, za ki shiga gidan biki a fara yi miki addu'ar Allah ya sauke ki lafiya. Ki ce masa gaban ya zama shafe, babu tattara ko kaɗan. Faɗin da ake buƙata a samo shi ta yanka: a raba ƙasan gida-gida, kowane gida siriri a sama yana buɗewa a hankali zuwa ƙasa. Wannan shi ne abin da ake kira A-shef, sunan da ya samo asali daga kayan da mai zanen tufafi Christian Dior ya fitar a Faris a 1955, don rigar tana kama da harafin A. A ganina babu yankan da ya kai shi yi wa mai faɗin ƙasa adalci. Yana taɓa jiki a sama, ya wuce ta kan tumbi da mazaunai ba tare da ya kama su ba, kuma za ki zauna ki tashi ba ki riƙe komai ba.

Kada buɗewar ta yi yawa dai. Ambirela cikakkiya da atamfa tana cin yadi, ta tsaya ƙiƙam kamar rumfa, gajeriya kuma sai ta ɓace a ciki. Matsakaiciya ta ishe ki.

Na san za ki tambayi riga da siket, domin shi ake yayi a anko. Ana iya yi, amma a nan ne aka fi yin ɓarna. Rigar nan mai baza a ƙugu, wadda ake kira feflom, an ƙirƙire ta ne don ta ƙara wa mace faɗin ƙasa. Mai miƙaƙƙen jiki ta sa ta yi kyau, domin ta ba ta abin da ba ta da shi. Ke kuwa kina da shi har da saura. Idan aka yi miki baza ninki biyu da gam a ciki, ta ƙare daidai kan mazaunai, an mayar da 45 ya koma 50 a idon mai kallo. In har kina son ta, a yi ta falle ɗaya, ba gam, ta fara daga sama kamar yadda na faɗa, ta kwanta a jiki, ta ƙare a kan ƙashin ƙugu kafin a kai wurin da ya fi faɗi. Gabanta ya ɗan fi gefe tsawo, ya yi tsini kaɗan, don layin da ya karkata ya fi wanda ya gitta kai tsaye sauƙi a ido, kuma yana rufe ƙasan tumbi. Mata da yawa suna cewa a tsawaita musu riga har cinya wai don ta rufe komai. Na fahimci dalilin, amma ga gajeriya hakan yana raba jiki gida biyu daidai, ƙafa ta koma guntuwa. Idan rufewa kike so, gara ki tafi doguwar riga kai tsaye.

Siket mai gida shida ma haka. Kyansa ya dogara ga inda ya fara buɗewa. Wanda ake matsewa har gwiwa sannan ya baje kamar wutsiyar kifi yana zana mazaunai ne ƙarara, yana tura tumbi gaba, ga shi ba a iya taka matakala da shi. Naki ya sauko a miƙe daga inda mazaunai suka fi faɗi, kada a shigar da shi ciki a ƙarƙashinsu fiye da inci ɗaya, ya fara buɗewa tun daga tsakiyar cinya. Kan siket ɗin ya zama mai faɗi, inci biyu ko uku, ya zauna sama da cibiya. Siririn kai ko roba mai tattara suna yanka tumbi biyu, rabi sama rabi ƙasa.

Zani kuwa kada ki raina shi. Riga da zani yana ba da miƙaƙƙen tsayi wanda siket da yawa ba sa bayarwa. Abin lura kawai shi ne kada ki tara ninki da ƙulli a kan ciki. Ki ja shi ya kwanta, ki kai sokewar can gefe, kuma ya sauka har idon sawu.

Yanzu sama. Tunda ƙasa ya rinjaya, duk adon da za a kashe wa kuɗi a kai shi daga ƙirji zuwa kafaɗa: dutse, aikin zare, yankan leshi, duk abin da ke jan ido. Wuya mai ɗan faɗi, wanda ya buɗe zuwa kafaɗa ba zuwa ƙasa ba, yana faɗaɗa sama ya daidaita da ƙasa, kuma bai saɓa wa sutura ba. Wuya mai tsini marar zurfi shi ma yana ƙara wa gajeren wuya tsawo. Wanda ba na so miki shi ne zagayayyen wuya mai shaƙewa, don yana tsuke kafaɗa. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai kan ƙashi, kada ya zubo kan damtse, domin riga daga kafaɗa take rataye, in kafaɗa ta karkace babu gyaran da zai yi a ƙasa. Ɗan tudu kaɗan a kan hannu yana taimaka miki.

Akwai wani abu game da hannu da ba kowa ke lura da shi ba. Ki tsaya gaban madubi ki saki hannuwanki. Wuyan hannunki yana sauka ne daidai mazaunanki. To duk hannun rigar da ya baje a nan, irin mai faɗin baki kamar ƙararrawa, faɗinsa yana haɗuwa da na mazaunai ya zama abu ɗaya. Ki sa faɗin hannun ya kasance a sama, ya tsuke a ƙasa. Hannu mai tsayawa ƙasan gwiwar hannu kaɗan ya fi kowanne yi miki kyau, tunda bakinsa yana nuna tsakiyar jiki. Guntun hannu da ke ƙarewa a kan kaurin damtse kuwa ki bar shi.

Sai maganar atamfar ankon. Atamfa auduga ce, ba ta miƙewa, kuma sabuwa tana da ƙarfi. Ba ta bin jiki, siffar da aka yanka mata ita take riƙewa. Wannan alheri ne ga mai tumbi, domin tana wucewa ta kansa ba ta lafe ba, amma sharaɗi ne a bar mata sarari. A ƙara inci 2 zuwa 3 a kan awon ƙirji, inci 1 a tsakiya, inci 3 a mazaunai. Kada ki ji tsoron wannan ƙarin. Mace in ta zauna ƙasanta yana bajewa, mu kuma ga zaman tabarma ga sujada. Matsattsen kaya ba ya rage jiki, yana ƙirga wa mutane duk wani ninki ne. Ki kuma jiƙa atamfar ta bushe a goge kafin a yanka, don auduga takan ɗan ja a wankin farko.

Turmi yadi 6 ne, faɗinsa kuma tsakanin inci 45 da 48. Daga tsakiyarki zuwa ƙasa ba zai wuce 38 ko 39 ba, don haka faɗin atamfar ya isa tsawon ƙasan rigarki har da kalmasa, ba sai an yi ƙari ba. Wannan gata ne da dogaye ba su da shi. Zai kuma bar wa tela sararin da zai zaɓi inda kowane fure zai faɗa, kuma a nan nake so ki tsaya masa. Ku shimfiɗa atamfar tare kafin ya sa almakashi. Babban fure kada ya zauna a kan tumbi, kada ya zauna a tsinin ƙirji, kada biyu su zauna a baya ɗaya dama ɗaya hagu. A jera su su bi tsakiyar gaba daga sama zuwa ƙasa, ko a tura su wajen kafaɗa da bakin riga, wurin da zanen ya fi duhu ko ya fi natsuwa ya faɗa gefen mazaunai. Tun ran gini ran zane, in an riga an yanka babu dabara. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini rigar da aka ɗinka mata da atamfa mai tsada, irin ta kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond na Holan a 1846. Ɗinkin kansa ba shi da laifi, amma zagayen zanen ya faɗo daidai kan cibiyarta, kamar an yi da gangan. Sau ɗaya ta sa ta, ta dawo gida tana hawaye tana cewa jikinta ne ya lalace. Da ragowar yadin muka canza gidan gaba kaɗai, ta koma tana sa rigar har ta tsufa. Tun daga ranar ba na yanka atamfa sai na kara ta a jikin mai ita gaban madubi.

Idan furannin sun yi wa jikinki girma ƙwarai, ki nemi yadi marar zane mai launin da ya fi duhu a cikin atamfar, a sa shi gefe da gefe daga hammata zuwa ƙasa, atamfar ta zauna a tsakiya. Ido zai ɗauki faɗin tsakiyar ne a matsayin faɗinki. A Kantin Kwari ba za ki rasa launin da ya dace ba, ki dai tafi da ƙyallen atamfar a hannu, ki duba a hasken rana ba na fitilar shago ba.

Leshin dina kuma ya danganta da irinsa. Mai kauri da duwatsu yana da nauyi, yana ƙara jiki, don haka yankansa ya zama mai sauƙi: doguwar riga mai layi biyu da suka sauko daga kafaɗa ta kan ƙirji har ƙasa, babu haɗi a tsakiya ko kaɗan. Waɗannan layukan su ne ke ba tela damar shigar da riga a ƙasan ƙirji ya sake ta a kan ciki. Shafin ciki ya zama launi ɗaya da leshin, marar sheƙi, kada kuma ya fi leshin matsewa. Idan kuwa leshin mai laushi ne, ko kina da wani yadi mai zuba, to ki yi bubu. Ana cewa bubu ba na gajeru ba ne, ni ban yarda ba. Abin da ke haɗiye gajeriya shi ne bubun da aka yanka daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu da yadi mai tauri. Naki faɗinsa ya wuce gwiwar hannu kaɗan kawai, a yi ɗinkin ciki kusa da jiki da rarar inci huɗu ko biyar a mazaunai, a yi aiki a wuya ya sauko tsakiyar ƙirji, tsawon kuma ya shafi bayan ƙafa ba tare da ya ja ƙasa ba. Ki je gwaji da takalmin da za ki sa.

Za a ba ki shawarar rigar nan mai ƙarafuna a ciki da igiya a baya, wadda amare ke yayi yanzu. Ni dai ba na ba mai jego ko wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa wannan shawara sai ta ji daga likitarta. Ko ba wannan ba, naman da aka matse ba ɓacewa yake yi ba, gudu yake yi ya fito ta hammata da ƙasan ciki. Mai gajeren gangar jiki kuma ƙarafunan suna sukanta a ƙasan hannu da zarar ta zauna. Ki haɗa da zafin ɗakin taro na awa huɗu ko biyar. Siket ko gajeren wando na ciki mai ɗan kama jiki, wanda kike iya numfashi da cin abinci a cikinsa, ya wadatar.

Tambayarki ta ƙarshe. Baƙi da sauran launuka masu duhu suna ɗan rage girman abu a ido, haske kuma yana ƙara shi, wannan gaskiya ne. Amma sheƙi ya fi launi tasiri. Baƙin satin mai walƙiya zai nuna tumbi fiye da ruwan ƙasa ko kore marar sheƙi, haka ma sabuwar shadda mai maiƙo, irin su Getzner ta Ostiriya, tana ƙara cika saboda ƙyalli da tsayuwarta. Abin da ya fi baƙi amfani gare ki shi ne launi ɗaya daga sama har ƙasa, ko mai haske a sama mai duhu a ƙasa. Kada ki hana kanki launi don wata magana, fatarmu tana karɓar launuka da yawa.

Maganar layi a tsaye kuwa ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba. Tun 1867 wani masanin Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa murabba'in da aka cika da layuka a kwance ya fi wanda aka cika da layuka a tsaye kama da dogo siriri. Peter Thompson na Jami'ar York a Ingila ya sake gwada abin a kan siffar mace, aka buga sakamakon a 2011, ya tarar siraran layuka a kwance ba sa ƙara faɗi kamar yadda ake tsoro. Abin da na gani a kan keken ɗinki shi ne, layi ɗaya ko biyu dogaye a tsaye, kamar haɗin ɗinki ko jerin maɓalli, suna ƙara tsawo sosai. Amma yadi mai layuka da yawa a tsaye, in ya matse, layukan suna buɗewa su lanƙwashe a kan mazaunai, su tona abin da ake son sayawa.

Akwai abin da littattafan ɗinki na waje ba sa magana a kai, alhali a wurinmu shi ne rabin shiga: mayafi da ɗankwali. Duk wahalar da aka sha a kan riga, a waje mayafi ake fara gani. Idan bakinsa ya gitta daidai mazaunai, ya rushe aikin. Ki yafa shi ya tsaya sama da nan, ko ki sa babba ya wuce har cinya, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mai laushi mai zuba ya fi mai tauri. Hijabi ma haka, ko ya tsaya wajen gwiwa ko ya sauka ƙasa, launinsa kusa da na abin da ke leƙowa ta ƙasa. Ɗaurin ɗankwali ya tashi sama kaɗan, zai ba ki inci biyu ko uku kyauta, amma kada ya baje gefe ya fi kafaɗarki faɗi.

Tunda anko ne, 'yan'uwa za su ga naki su ce a yi musu irinsa, to ki faɗa musu ba lallai ya karɓe su ba. Mai cikar ƙirji da siririn ƙasa akasin naki take buƙata: sama shafe, wuya mai tsini, ado da baza a ƙasa. Doguwa siririya ita ce mai feflom da tattara da manyan furanni, duk abin da na hana ki nata ne. Wadda kuma jikinta ya taru a ciki, ƙafafu sirara, rigar da ta zubo daga kafaɗa a miƙe ta fi mata duk wani mai haɗi a tsakiya.

Wata biyu ya isa, in kin kai ɗinkin a wannan makon. Ki nemi tela ya bar rarar inci ɗaya da rabi a cikin ɗinkin kowane gefe, ku kuma yi gwaji kafin a sa zif da ado. In leshin mai tsada ne, ki sayi yadi mai araha a fara gwada yankan da shi, kuɗin bai kai na asarar leshi ba. Ranar gwaji ki karanta rigar da kanki. Ninki a kwance yana nufin wurin ya matse. Ninki a tsaye yana nufin ya yi yawa. Wanda ya karkata kuwa, ki bi shi da ido, inda ya nufa nan matsalar take. Ki juya gefe ki duba bakin rigar: ga mai jiki irin naki baya yakan ɗage ya fi gaba, don mazaunai sun cinye tsawon, sai a ƙara wa bayan inci ɗaya ko ɗaya da rabi. Ki duba ɗinkin gefe ko ya sauka a miƙe, in ya karkata baya to bayan ne ke neman ƙari, ba gaba ba. Sannan ki zauna a kujera, ki zauna a ƙasa, ki ɗaga hannu kamar za ki gyara ɗankwali, ki sunkuya kamar za ki ɗauki yaro. In akwai inda ya ja ki, a sa alli a wurin tun kina tsaye a shagon.